Kundin aiki: ƙaurar da ɗan Prolog ɗina zuwa RISC-V

Asabar, 6 ga Satumba 2025

Yau na sa hannu. Shekara huɗu ke nan ina rainon wani ƙaramin tsarin Prolog da na rubuta don koyar da ɗalibai, kuma tun haihuwarsa bai taɓa kwana a wani gida ba sai x86-64, tsarin furosesar da ke cikin galibin kwamfutocin tebur. Burina kafin shekara ta ƙare ya tsaya da ƙafarsa a kan wani tsarin furosesa daban, RISC-V mai bit 64, har ya iya fassara kansa da kansa a can.

Ga wanda bai san Prolog ba: harshe ne da ba a ce wa kwamfuta yi kaza sannan ki yi kaza. Gaskiya ake zuba mata da dokoki, sai a yi mata tambaya, ita ta nemo hanyar amsa. Idan ka rubuta `kaka(X, Z) :- haifi(X, Y), haifi(Y, Z).` ka gaya mata cewa wanda ya haifi wanda ya haife ka shi ne kakanka, shi ke nan. Alain Colmerauer da Philippe Roussel ne suka fito da shi a Marseille ta ƙasar Faransa a 1972. A 1983 David H. D. Warren ya zana injin da ake kira WAM, ba na ƙarfe ba, tsari ne na gudanar da Prolog, wanda har gobe galibin masu gina Prolog a kansa suke ɗora tubali. Nawa ma haka ne. Yana da tuli inda ake gina bayanai, da jibge inda kowace doka take ajiye kayanta, da mararraba, wato alamar da injin ke kafawa duk inda hanya ta rabu don ya dawo idan ta farko ta toshe, sai kuma sawu, inda yake rubuta duk abin da ya ɗaure domin ya kwance shi a lokacin komawa baya.

Fassarar tana bin hawa uku. Daga Prolog zuwa umarnin WAM, daga nan zuwa wani ɗan harshe na tsakiya mai umarni kaɗan, sannan zuwa harshen na'ura. Wannan dabarar ta harshen tsakiya daga GNU Prolog na Daniel Diaz na koye ta. A lissafina hawa na uku kawai zan sake rubutawa, sauran kayan da ke cikin harshen C su bi ni salin-alin.

Me ya sa RISC-V? Tsari ne buɗaɗɗe da aka fara a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010, ba a biyan kowa kuɗin izini kafin a gina shi, kuma tushen umarninsa na bit 32 bai kai hamsin ba. Ɗalibi yana iya karance shi a mako guda, abin da ba zan taɓa cewa game da x86 ba. Sannan Debian 13 da ta fito a watan jiya ta karɓe shi a hukumance, don haka kayan aiki sun samu. Na girka GCC mai fassara zuwa riscv64 da QEMU mai kwaikwayon na'urar. Allon gaske na yi odarsa, yana hanya.

Laraba, 10 ga Satumba

Rabon rajista, wato ƙananan guraben ajiya masu sauri da ke cikin furosesa. Nan ne na fara jin daɗin sabon gida. A x86-64 na Linux rajista shida ne kawai aikin C yake mayar maka da su yadda ya same su, don haka dole na zaɓi 'yan gata a cikin rajistocin WAM, sauran suna zaune a ƙwaƙwalwar ajiya ana ɗauko su ana mayarwa. RISC-V yana da rajista 32, goma sha biyu daga ciki, `s0` zuwa `s11`, amana ce da ba a taɓawa. Na bar `s0` saboda gdb, manhajar farautar kuskure, ya riƙa gane inda yake. Bakwai sun ɗauki manyan rajistocin WAM gaba ɗaya, ɗaya yana riƙe da adireshin teburin sauran, uku da suka rage na ba wa hujjoji ukun farko na kowane kira, wato abubuwan da ke cikin baka, kamar X da Z a `kaka(X, Z)`. Yawancin dokokin da ɗalibai ke rubutawa ba sa wuce hujja uku.

`gp` da `tp` na tsarin ne, ban kusance su ba.

Lahadi, 14 ga Satumba

Da la'asar injin ya yi magana karon farko a cikin QEMU. Ya amsa tambayar kaka daidai, ya koma baya ya kawo amsa ta biyu. Na daɗe ina kallon allon.

Farin cikin bai kai magariba ba. Na ce masa X ya zama 255, ya rubuto 255. Na ce 256, sai ya rubuto -256.

Kowace kalma a injina tana da tambari a bit ukunta na ƙasa, wanda ke faɗin ko lamba ce, ko suna, ko jeri, ko abin da ba a ɗaure ba tukuna. Saboda haka lamba ana ninka ta sau takwas kafin a ajiye. 255 sau takwas 2040 ne, 256 kuwa 2048. To a RISC-V lambar da ake cusawa cikin umarni bit 12 ce kawai, daga -2048 zuwa 2047. Abin da ya haura sai an raba shi biyu: `lui` ya ɗora bit 20 na sama, `addi` ya ƙara na ƙasa. Amma shi `addi` yana ɗaukar rabinsa a matsayin lamba mai iya zama ƙasa da sifiri, don haka idan bit na sha biyu a kunne yake, ragewa zai yi maimakon ƙarawa. Maganin shi ne a ƙara 2048 a kan lambar kafin a yanko rabin sama. A rubutaccen fayil asambula, mai mayar da rubutun umarni zuwa harshen na'ura, yana yi wa mutum wannan ta hanyar `li`. Amma injina yana kuma ƙera umarni kai tsaye a lokacin da shiri ke gudana, a can kuwa ba mai yi mini. Na gyara, na kuma bi duk inda ake lissafin nisa daga wani adireshi, domin dokar da ke da guraben ajiya sama da 255 ita ma za ta faɗa wannan ramin.

Asabar, 20 ga Satumba

Wannan ya ci mini kwana biyu, kuma shi ya fi taɓa ni.

Ina da fayil ɗin gwaji na zuriyar wani gida da na ƙirƙira, cike da `ƙanwa` da `ɗa` da `ƙane` da `ɓangare`. Da gangan na yi shi haka tun farko, don ina son ɗalibi ya rubuta dokokinsa da haruffan harshensa ba tare da injin ya yi tuntuɓe ba. A x86 lafiya ƙalau yake karantawa. A RISC-V da ya iso kan ƙ sai ya ce ya ga baƙon harafi, ya tsaya.

A tsarin UTF-8 haruffanmu masu lanƙwasa bait biyu-biyu ne. Ƙaramin ƙ shi ne C6 99, ɗ kuwa C9 97, ɓ C9 93. Duk waɗannan sun haura 127. A mai karanta rubutu na injina akwai layin da ke cewa idan harafi ya gaza sifiri, to farkon harafi mai bait da yawa ne. Wannan ya dogara ne a kan cewa `char` na C yana ɗaukar lamba ƙasa da sifiri. A x86 haka yake. A RISC-V, kamar ARM a kan Linux, `char` ba ya sauka ƙasa da sifiri ko kaɗan, daga 0 ne zuwa 255. Sharaɗin nan bai taɓa cika ba, sai ƙ ta faɗa hannun sashen da bai san ta ba. Harshen C bai taɓa yi mini alkawarin ɗaya daga cikin biyun ba, ya bar wa kowace na'ura zaɓinta. Ni ne na ɗauki al'adar gida ɗaya na mai da ita doka.

Akwai maɓallin GCC da zai tilasta wa RISC-V ya bi halin x86, `-fsigned-char`. Na ƙi amfani da shi. Rufe ciwo ne da tsumma. Na bi fayilolin C ɗaya bayan ɗaya na mayar da duk wurin da ake riƙe bait zuwa `unsigned char`, kuma a hanya na tarar da wani wuri inda nake zuba alamar ƙarshen fayil, wadda take -1, cikin `char`. Da na bar shi, a RISC-V injin ba zai taɓa sanin fayil ya ƙare ba.

Abin lura a nan, gyaran yau ko layi ɗaya bai shiga sabon sashen RISC-V ba. Duka a tsohon jiki ya shiga, wanda x86 ma ke amfani da shi. Lissafina na ranar farko cewa kayan C za su bi ni salin-alin ya rushe. Shekara huɗu ina ganin shirin daidai yake, ashe rabin daidaicin na na'urar ne, tana rufa mini asiri ban sani ba.

Alhamis, 25 ga Satumba

Lissafi. `X is 7 // 0` ya ba ni -1 cikin natsuwa, ba kuka ba ƙorafi.

Ƙa'idar ISO ta Prolog ta 1995 ta ce raba lamba da sifiri dole ya jefo kuskure mai suna `zero_divisor`. A x86 na'urar da kanta take ihu, Linux ya aiko da siginar SIGFPE, ni kuma in tare ta in mayar da ita kuskuren Prolog. RISC-V ba ya ihu. An rubuta a ƙa'idarsa ƙarara cewa amsar rabawa da sifiri ita ce duk bit a kunne, wato -1, saura kuma shi ne lambar da aka raba. Wanda ke son kuskure ya duba da kansa. Da farko na ji haushi, amma da na zauna na rubuta sai na ga umarni ɗaya ne tak, `beqz`, kafin rabawar. Ya fi tarar sigina tsabta nesa ba kusa ba, har na koma na yi wa x86 irinsa na cire tsohuwar dabarar.

Haka batun ambaliyar lamba. x86 yana da tuta da ke tashi idan jimla ta fi ƙarfin rajista. RISC-V ba shi da tutoci sam, ko ta ambaliya ko ta ɗauke-ɗaya. Amma tunda lambobina bit 61 ne, idan na cire tambari na haɗa biyu ba za su cika bit 64 ba. Sai in tura amsar hagu sau uku, in dawo da ita dama sau uku, in ta dawo yadda take to ta shiga, in ta canza an yi ambaliya. Ninkawa ta fi wuya kaɗan, sai da `mulh` wanda ke ba da rabin sama na amsar.

Asabar, 4 ga Oktoba

Ƙananan abubuwa biyu. Fayilolin da injin ke fitarwa sun kumbura ba dalili, ashe `.align 8` da na kwafo daga x86 ne. A can yana nufin bait takwas, a nan yana nufin biyu takwas a ninka su da juna, wato 256. Na koma `.balign`, wanda ma'anarsa ɗaya ce ko'ina.

Na biyu, tsalle mai nisa. `jal` ba ya wuce megabait ɗaya gaba ko baya, don haka tsakanin dokoki ina amfani da `tail`, shi kuwa a ɓoye yana aron rajista `t1`. Ni kuma ina ajiye wani abu a `t1` daidai wannan lokacin. Na sakar masa ita.

Yanzu kusan duk gwaje-gwajena suna wucewa a QEMU, har da mai kwashe shara, sashen da ke share bayanan da aka gama da su.

Lahadi, 12 ga Oktoba

Allon ya iso ranar Juma'a. Ɗan abu ne kamar tafin hannu, mai ƙwaƙwalwa huɗu a cikin furosesarsa, kuma wutar da yake ci kaɗan ce har batirin cajin waya yana riƙe shi. Jiya da aka ɗauke wuta da daddare aikin bai tsaya ba, shi kaɗai ke ƙyalli a ɗakin.

Da na kunna injin a kai, ko gaisuwa bai yi ba ya mutu. Dalili: a farkon tashi yana kama fili na adireshi ga yankunansa huɗu, kowanne gigabait 64. Ba ƙwaƙwalwar ajiya ta gaske yake ci ba, shinge kawai yake kafawa don kowane yanki ya samu wurin girma. A x86-64 shiri yana da terabait 128 na adireshi, wannan ɗigo ne a teku. Allon nan kuwa yana bin tsarin Sv39, adireshi mai bit 39, rabon shiri a ciki gigabait 256 ne cif. Wato na nemi gonar duka har da inda gidan yake tsaye. Na rage shingen, na kuma sa ya riƙa tambaya yana raguwa har ya samu abin da za a ba shi.

Bayan nan ya tashi. Amma gwajin `assertz`, mai ƙara doka ana cikin gudu, yana faɗuwa jefi-jefi. Sau biyar ya wuce, na shida ya faɗi da umarnin da na'ura ba ta gane ba. Kuskuren da ba ya zuwa kullum shi ne mafi cin rai, don ba ka san ko gyaranka ya yi aiki ba ko sa'a ce.

Asabar, 18 ga Oktoba

Na kama shi. Idan shiri ya ƙara sabuwar doka yana cikin gudu, injina yana ƙera umarninta ya rubuta a ƙwaƙwalwar ajiya ya yi tsalle ciki. Furosesa tana da ma'ajiyar kusa guda biyu, ta bayanai da ta umarni. Abin da na rubuta ya shiga ta ƙofar bayanai, ita kuwa ma'ajiyar umarni tana iya riƙe da tsohon abin da ke wurin. x86 yana sulhunta su biyun da kansa. QEMU ma yana lura idan an taɓa shafin da ke da umarni, shi ya sa bai taɓa nuna mini komai ba. RISC-V na gaske sai an gaya masa, da umarnin `fence.i`.

Na sa `fence.i`, faɗuwar ta ragu amma ba ta ɗauke ba. Sai da na sake karatu na gane: umarnin yana aiki ne a kan ƙwaƙwalwar da ta zartar da shi kaɗai, Linux kuwa yana iya ɗauke shirina daga wannan ƙwaƙwalwa ya kai shi wata a tsakiyar aiki. Hanyar da ta dace ita ce a roƙi Linux ya share wa duka, ta kiran `riscv_flush_icache`, wanda `__builtin___clear_cache` na GCC ke yi a madadinka. Na bar gwajin yana maimaituwa tun bayan isha'i har asuba, bai faɗi ba ko sau ɗaya.

Sai dai kiran yana da tsada, kuma akwai shirye-shiryen Prolog da ke ƙara dubban dokoki a jere. Na canza tsari: sabuwar doka ba za a fassara ta nan take ba, za a ajiye ta a jira sai an kira ta, sannan a fassara duk waɗanda suka taru a share ma'ajiyar sau ɗaya. Wani ɗalibina da ke bin aikin ya ce, "Malam, ai wannan ko a x86 ya fi sauri." Gaskiyarsa, kuma a can ma na sa.

Lahadi, 26 ga Oktoba

Mako na sauri. Ma'aunin da 'yan Prolog suka gada shi ne juya jeri mai abu 30 ta doguwar hanya, wanda ke cin matakin hujja 496, sai a ƙirga nawa ake yi a daƙiƙa. A nan allon ya yi abin da nake tsammani daga ƙaramar na'ura. Amma shirye-shirye masu kira cikin kira da zurfi sun yi nauyi fiye da hankali, kamar an ɗaura musu dutse.

Tushen abin yana cikin wata dabarar WAM. Idan doka za ta kafa wurin ajiyarta a jibge, tana buƙatar sanin girman na wadda ta kira ta. Warren bai ajiye wannan adadin a jibge ba, ya bar shi a jikin umarnin kira, ana karanto shi daga bayan adireshin komawa. Ni ma haka na yi: kalma mai bait huɗu a tsakiyar umarni, daf da inda za a dawo. A RISC-V mai gajerun umarni na bait biyu, wannan kalmar tana iya faɗawa a adireshin da bai rabu da huɗu ba. Ƙa'ida ta yarda shiri ya karanta irin wannan a Linux, amma ba ta ce zai yi sauri ba. A allon nan furosesa tana tsayawa ne ta miƙa wa manhajar ƙasa, OpenSBI, ita ta tsinto bait ɗin ɗaya-ɗaya ta haɗa ta dawo da amsa. Amsar daidai take fitowa, shi ya sa babu gwajin da ya kama shi. Kusan rabin kiraye-kirayen suna biyan wannan harajin a ɓoye.

Gyaran layi ɗaya ne, `.balign 4` kafin kalmar. Nemo shi ne ya ci kwana biyar. Da na sake aunawa nauyin ya tafi.

Na so in yi amfani da `sh3add` na ƙarin Zba wajen shiga teburi, tunda tushen RISC-V ba shi da irin adireshin x86 mai ninka manuni da takwas a umarni ɗaya. Na fasa a yanzu. Ina son injin ya gudana a kan duk abin da ya cika jerin umarnin RV64GC, wanda shi ne ma'aunin Debian, ko da zai ci umarni ɗaya na ƙari.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Cikar jibge. Ina barin shafin gadi a ƙarshen kowane yanki, in shiri ya taka shi sai siginar SIGSEGV ta zo, in mayar da ita kuskuren Prolog maimakon mutuwa. Sashen da ke tarar siginar yana karanta rajistoci da sunayen x86. A nan suna cikin `__gregs`, wurin umarni kuma `REG_PC`. Awa ɗaya ya ɗauka. Dokar da ke kiran kanta ba iyaka yanzu tana samun amsa mai ladabi, ɗalibi ya ci gaba da aikinsa.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mai fassarar injina da Prolog aka rubuta shi. Jiya na ɗauki wanda aka gina a kwamfutata na kai allon, na sa ya fassara kansa a can. Wanda ya fito na sa shi ma ya fassara kansa. Na gwada fayilolin zagaye na biyu da na uku da `cmp` mai kwatanta fayiloli, bai ce uffan ba, bait da bait iri ɗaya ne. Fayil ɗin zuriya ya karantu da ƙ da ɗ da ɓ ɗinsa, an tambaye shi ƙanwar wane ya faɗa.

Saura gwaji uku da ke faɗuwa, duka a kan lambobi masu ɗigo. Idan aka mayar da lambar da ta fi ƙarfin bit 64 zuwa cikakkiyar lamba, x86 yana ba da amsa guda ɗaya ta musamman ko ta wane gefe aka haura, kuma da ita nake gane an yi ambaliya. `fcvt.l.d` na RISC-V kuwa yana tsayawa ne a iyakar sama ko ta ƙasa, gwargwadon gefen. Zan duba girman lambar tun kafin a juya ta, a sashen da na'urorin biyu ke tarayya. Bayan wannan sai batun zare da yawa, wato sassan shiri masu gudana a lokaci guda, inda RISC-V bai yi alkawarin jera rubuce-rubucen ƙwaƙwalwa yadda x86 ke yi ba, kuma teburin sunaye na injina ba shi da shinge ko ɗaya. Ranar Laraba zan fara da lambobi masu ɗigo.